Wa Ake Saurare, Baba ko Lalla?

Ni na jawo wa kaina, ba kowa ba. Da na iya riƙe bakina ran nan a tsakar gidanmu, da ban yi mako uku ina kai da kawo kamar kaza mai neman wurin ƙwai ba.

Sunana Fibi. A Arlit na girma, iyayena kuwa 'yan Damagaram ne. Muna da ɗan shago kusa da tasha, ni da abokin aikina Habibullahi mutumin garin Tawa, muna gyaran waya da buga wa mutane takardu. Bara muka haɗa wata manhaja ta waya mai koya wa baƙi Tamajak, harshen Abzinawa, muka sa mata suna Maƙwabci. Gaskiya ne duk wanda ya zo garin nan daga kudu Hausa ta ishe shi, kowa yana jin ta. Amma ran da ka gai da Ba'abzine da harshensa za ka ga yadda fuska take sakewa, zama ya yi daɗi. Manhajar ba ta da rubutu mai yawa. Murya ce kawai, ka danna, ka ji, ka maimaita.

Muryoyi biyu ne a ciki. Ta farko ta Inna Lalla ce, dattijuwa Ba'abziniya mai ɗinkin jakunkunan fata, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata. Ita ba ta da ɓata lokaci. Ta faɗi kalma, ta sake faɗa a hankali, ta yi shiru. Ta biyu ta mahaifina ce, Baba Baƙo, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar ma'aikata zuwa ramin haƙar ma'adini, har aka rufe na Akokan ya dawo gida ya zauna. A hanya ya koyi Tamajak, kuma ya iya, Inna Lalla da bakinta ta shaida. Abin da Baba bai taɓa koya ba shi ne gajeriyar hanya a magana. Ka tambaye shi yadda ake cewa ruwa, sai ya faro maka daga shekarar da tukunyar ruwan motarsa ta fashe, ya bi da kai ta sunayen duk wanda ke cikin motar da garin da aka haife shi.

Ban hana shi ba, don ni na san yadda ya zama bayan ya bar aiki. Mutumin da asuba ba ta taɓa samunsa a shimfiɗa ba, sai ga shi yana wuni a kujera yana kallon ƙofa. Da muka fara ɗaukar murya ne ya farfaɗo. Ranar ɗauka sai ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa majami'a, ya karɓi wayata ya shige ɗaki ya rufo ƙofa, wai ba ya son 'yan kallo. Da manhajar ta bazu, 'yan kabu-kabu suka fara ɗaga masa hannu a titi suna cewa “Malamin waya!” Sai ya gyara hula ya yi kamar bai ji ba. Wannan ya faranta mini rai fiye da komai a aikin.

Matsalar da ta taso ta nauyi ce. Wayoyin mutanenmu cikinsu ƙarami ne, kuma manhajar daga waya zuwa waya take yawo a kasuwa da tasha. Da zarar an turo wa mutum bidiyon biki waya ta ce ta cika, tamu ake fara gogewa. Inna Lalla tana da darasi ɗari da tamanin, Baba yana da goma sha biyu, amma da Habibullahi ya auna sai ya ga nauyinsu ɗaya.

“Fibi, wanga abu sai an rage rabi,” in ji shi. “Murya guda za ta hita, babu wata dabara. Ki tahi ki hwaɗa musu.”

Na tafi. Na same su a inuwar rumfarmu da la'asar, Inna Lalla ta shigo da butar shayinta kamar yadda ta saba, suna musu kan wata kalma. Na yi bayani. Dukansu suka zuba mini ido, kowa yana jira in ce ɗayan ne zai fita. Nan ne tsoro ya sa bakina ya riga hankalina.

“Ba ni zan zaɓa ba,” na ce. “Akwai ma'auni da ake sawa a cikin manhaja, yana nuna abin da mutane suka fi amfani da shi. Wanda ma'auni ya ba gaskiya shi zai zauna.”

Baba ya ajiye kofinsa. “Madalla. Na'ura ba ta da uba, ba ta da maƙwabciya. Na yarda.”

Inna Lalla ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ita Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “kai” ne. “Kai Fibi, ka sa mashin ya auna. Babanka yana magana kamar kamiyo babu birki, mashin zai gaji ya gudu.”

“Za mu gani, maƙwabciya,” in ji Baba, yana murmushin wanda ya riga ya ci.

Na koma shago ina jin na yi wayo. Ban san cewa ma'aunin ma sai an zaɓe shi ba.

Ma'auni wani ɗan abu ne da ake dasawa a cikin manhaja, ya riƙa aiko wa mai ita rahoto, ba tare da faɗin sunan kowa ba. Suna da yawa, kowanne da abin da ya fi kulawa da shi. Muka yi kwana biyu muna tacewa. Wasu suna son rezo, wato sabis ɗin waya, mai ƙarfi dare da rana, wanda ya ƙera su bai taɓa zuwa Arlit ba. Wasu suna son sanin inda mutum yake da lambobin da ke wayarsa, na ce a'a, ba leƙen asiri muka buɗe ba. Aka bar mu da biyu.

Na farko kyakkyawa ne, rahotonsa launi-launi, da zane mai hawa da sauka. Lokaci yake aunawa: minti nawa aka yi a kan darasi, kuma an kai ƙarshe ko an tsaya a hanya. Habibullahi ya sa masa suna Mai Agogo. Na biyu ba shi da kyan gani ko kaɗan, jerin lambobi ne kawai, amma yana haƙuri da rashin rezo, ya adana ƙirgensa sai ran da waya ta samu hanya ya aiko. Shi abin da yake ƙirgawa shi ne sau nawa mutum ya komo kan darasi a wata ranar, ya sake dannawa. Wannan muka kira shi Mai Sawu. Ba za mu iya riƙe biyun ba, don su ma suna da nauyi. Muka ce mu sa su tare na mako uku, mu ga wanda ya fi dacewa, sa'annan mu bar ɗaya.

A makonnin nan Baba ya zama ɗan siyasa. Bayan sujada ranar Lahadi sai ya tsaya a bakin ƙofar majami'a yana tambayar mutane ko wayarsu tana lafiya. Inna Lalla kuwa ko a jikinta, ɗinkinta kawai take yi.

Ranar da rahoto ya cika, Habibullahi ya buɗe kwamfuta muka sa kai. Waya ɗari huɗu da 'yan kai suka aiko. Mai Agogo ya ce Baba ne, kuma ba da ƙaramin rinjaye ba. Kashi takwas cikin goma na lokacin da ake yi a manhajar a kan darussansa ake yi. Cikin mutum ɗari da suka fara sauraronsa, tasa'in da bakwai sai sun kai ƙarshe. Na yi tsalle na tafa. Sai Habibullahi ya buɗe Mai Sawu, murnata ta koma ciki. Shi kuma ya ce Inna Lalla ce. Akwai darasinta da aka komo kansa sau dubu da wani abu. Na Baba kuwa, wanda ya ji sau ɗaya da wuya ya sake dawowa.

Muka sake bin lambobin, fanka tana ta kaɗa mana iska mai zafi.

“To, ke ad da zaɓi,” in ji Habibullahi. “Wanda kika ɗauka cikin biyun ga, shi za shi hwaɗi wanda ya ci.”

“Ai don kada in zaɓa na kawo su!”

“Ga shi sun maido maki.” Ya yi ƙasa da murya, ko da yake ba kowa a shagon. “Ki ɗauki Mai Agogo mana. Ba ƙarya munka yi ba, lissahi ne. Shi ya hi kyan gani ma. Inna Lalla ba ta damu ba, Baba kuwa kin san abin da wanga aiki ya zame mishi.”

Na sani. Kuma ba zan ɓoye ba, na so in yi hakan. Na riga na hango Baba yana yawo da takardar mai launi a aljihun gaba, yana nuna wa duk wanda ya tsaya gaisawa. Amma tasa'in da bakwai ɗin nan ta tsaya mini a rai. Ni na san mutanen garinmu. Ko wa'azin fasto, da ya wuce rabin awa za ka ga ana leƙa agogo. Waƙar da aka fi so ma ana tsallake ta. Yaya za a yi a ce kusan kowa yana zama ya ji Baba na minti tara, goma, har sha huɗu, sa'annan kuma ba mai marmarin sake ji? Ma'aunin ba ya faɗin suna, balle in kira wani in tambaya. Sai na ɗauki mayafina na nufi kasuwa.

Hansai na nufa, wata 'yar Maraɗi mai sayar da albasa da tumatir, don ita ce ta fi kowa damuna da tambaya kan manhajar. Na zauna a kan buhu a gefenta kamar hira ta kawo ni. Ba a jima ba wani dattijo Ba'abzine ya tsaya, rawani har hanci, yana juya tumatir yana girgiza kai. Hansai ta so ta gaya masa ya dawo gobe sabo zai iso, kuma da harshensa take so ta faɗa. Ta goge hannu a zane ta ciro waya. Hoton Inna Lalla da na Baba suna kusa da juna, yatsanta kuma da danshi. Sai muryar mahaifina ta cika rumfar.

“To jama'a, salamunku. Kafin in gaya muku yadda ake cewa gobe, sai na ba ku labarin wata gobe da muka yi kwana huɗu muna jira a hanyar Agadas.”

“Wayyo, Baba na taɓa,” in ji Hansai. Ta kife wani kwano, ta ɗora wayar a kai a hankali, ta ci gaba da tsince ruɓaɓɓen tumatir. Lokaci-lokaci takan ce “Haka ne, Baba,” ko “Allah sarki,” ba tare da ta ɗago ba. Dattijon nan da ya ji babban mutum yana magana, sai ya tattara rigarsa ya tsuguna. Ya jira. Ita ma ta jira. Wata mata ta zo sayen albasa, aka sallame ta da raɗa.

Na kasa haƙuri. “Yaya Hansai, ga maɓallin tsayarwa nan fa. Ki danna, ki shiga na Inna Lalla.”

Ta dube ni kamar na ce ta mari wani. “In katse dattijo yana tsakar magana? Ke Fibi! Kuma mahaifinki? Ba haka aka rene ni ba.”

“Ai ba shi ba ne, waya ce.”

“Muryar wa ke fita?”

Minti tara cur muka yi, ni da ita da mai rawani, har Baba ya iso Arlit da fasinjojinsa, ya faɗi kalmar, ya yi sallama. Hansai ta ce “Mun gode, Baba, a huta gajiya.” Sa'annan ta danna na Inna Lalla, ta ji sau uku a jere, ta juya ta faɗa wa dattijon. Ya yi dariya, ya gyara mata wani harafi, ya ce zai dawo.

A hanyar komawa na hau kabu-kabun Muktar, wanda shi ma yana da manhajar. Na tambaye shi, cikin dabara, ko yana jin darussan Baba.

“Sosai,” ya ce, iska tana kwashe rabin maganar. “In na shiga nasa, sai in sa wayar a aljihu in ɗauki fasinja. Kafin in kai Akokan in juyo ya gama. Mutumin kirki ne, wallahi.”

“Me ka koya a ciki?”

Ya yi ɗan tunani. “Gaskiya koyo wurin tsohuwar nake yi. Shi Baba dai ba a barinsa yana magana shi kaɗai.”

Na yi dariya a bayan babur har Muktar ya tambaya ko lafiya. Da na sauka kuma dariyar ta ƙare, don na gane abin da ke gabana. Mai Agogo bai yi ƙarya ba, amma ba koyo ya auna ba, ladabin mutanen Arlit ya auna. In muka riƙe shi, kullum zai riƙa gaya mana cewa wanda ya fi tsufa da tsawon zance shi aka fi so. Mu cire muryar da mutane ke koyo da ita, mu bar musu wadda suke jin nauyin kashewa.

Na gaya wa Habibullahi. Ya riƙe ciki yana dariya, ya ce shi ma in ya tuna, bai taɓa tsayar da Baba ba, fita yake ya bar wayar a kan tebur. Sai ya natsu ya ce, “To mi za ki yi?”

“Mai Sawu za mu riƙe.”

“Baba hwa?”

“Ni zan gaya masa. Ni na ɗauko.”

Na bari sai ranar Lahadi bayan an ci abincin rana, Mama ta shiga ɗaki ta kwanta, Inna Lalla kuma ta tafi suna. Ba na son ya ji a gaban kowa. Yana zaune a rumfa, bai cire rigar majami'a ba tukuna. Na jawo tabarma na zauna a ƙasa. Na yi masa bayanin ma'aunan biyu, na gaya masa wanda na zaɓa da dalili. Na ba shi labarin Hansai da kwanonta, da Muktar da aljihunsa. Ban rage komai ba, don na san in ya ji daga baya a bakin wani zai fi masa ciwo.

Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. Na ga abin ya taɓa shi, ni kuma na fara da-na-sanin gaskiyar tawa.

“Ke,” ya ce. Baba ba ya kiran sunana, ni ce 'yar fari. “Wancan mai agogon, cikin ɗari mutum nawa ya ce sun kashe ni a hanya?”

“Uku, Baba.”

“Uku.” Ya gyaɗa kai. “Waɗannan batirinsu ne ya mutu.”

Dariya ta kuɓuce mini, shi ma ya fashe da ita har yana buga gwiwa. “Kai, Arlit da sauran tarbiyya! Shekara talatin ina magana a mota, rabinsu barci suke. Ashe sai da na shiga waya na samu masu ladabi.” Ya share ido da bakin riga. “Kin yi daidai. Maƙwabciya ta fi ni iya koyarwa, na daɗe da sani, ba dai zan faɗa a gabanta ba. Ki cire nawa.”

Na sauke ajiyar zuciya. Na fara tattara tabarma ina godiya, ina cewa ai za mu ajiye su a kwamfuta, ba za su ɓata ba.

“Tsaya,” ya ce. “Ke a ina kike? Cikin tasa'in da bakwai, ko cikin ukun?”

Na tsaya da tabarma a hannu.

“Darasi na tara, me na koyar?”

“Godiya, Baba. Yadda ake cewa na gode.”

“Wannan a rubuce yake a sama. Labarin me na bayar?”

Kunya ta rufe ni. Gaskiyar ita ce, duk lokacin da ya miƙo mini wayar, farkon nake ji in tabbatar murya ta fita, in ja zuwa ƙarshe in ji ya yi sallama, shi ke nan in tura. Na ɗauka na san duk labaran Baba. Mai tumatir ta ji shi har ƙarshe, ɗan kabu-kabu ya ɗauke shi a aljihu har Akokan, ni da na haɗa abin ko darasi ɗaya ban taɓa ji cikakke ba.

“Kafin ki goge, ki ji wannan ɗin,” ya ce. Ya tashi ya ɗauki bokiti ya nufi zogalen da ke gindin katanga, ya juya mini baya.

Na danna. Minti sha huɗu ne, shi ya fi duka tsawo.

Ya fara da wata tafiya, shekara ashirin da takwas da suka wuce. Shi da matarsa suna dawowa daga Damagaram a bayan kamiyo, babbar motar kaya, tana da tsohon ciki. Sun wuce mararrabar Cirozerin da nisa motar ta lalace, rana tsaka, babu gari babu inuwa. Nan naƙuda ta kama ta. Na san an haife ni a hanya, Mama ta sha faɗa mini a taƙaice. Daga bakin Baba kuwa ban taɓa jin ko kalma ɗaya ba.

Ya ce wasu mata Abzinawa suka fito daga wata bukka can nesa, suka ɗauke ta ba tare da sun tambayi ko su wane ne ba. Shi aka bar shi a waje da wani tsoho da ke dafa shayi, ba mai jin harshen wani. Ya faɗi yawan kofin da ya sha, da yadda shayin ya zube masa a wando. Ya faɗi sunan mai kamiyon da garinsu, don Baba ne. Sa'annan muryar ta canza, ta yi ƙasa.

“Sai na ji kuka. Wata tsohuwa ta fito da jaririya a naɗe cikin mayafinta, ta sa mini a hannu. Shunin mayafin ya shafi kumatun yarinyar, ta yi shuɗi-shuɗi. Jama'a, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, har yau. Na buɗe baki in yi godiya. Na ce na gode, ba ta gane ba. Na ce mersi, ta yi dariya. Ga mutum ya yi maka abin da ba ka da bakin biya, kuma ko kalmar ba ka da ita. Sai na fashe da kuka, ni ƙato da gemu. Tsohon nan ne ya dafa kafaɗata ya ce, tanimmert. Na faɗa. Na yi ta faɗa har muka shigo Arlit, don kada ta ɓace mini. Ita ce kalmata ta farko a harshen nan, sauran duk bayanta suka biyo.”

Ya yi gyaran murya a cikin wayar.

“Yarinyar nan ita ce ta haɗa wannan abin da ke hannunku. Ba na faɗin sunanta, kun san al'ada. Ba na kuma yabonta a gabanta. Amma tunda ni kaɗai ne a ɗakin nan, bari in faɗa: ban san abin da na yi wa Ubangiji ya ba ni ita ba. To, ku ce tanimmert. Ku sake. Madalla. Sai wani darasin.”

Wayar ta yi shiru. Hawaye ya jiƙa mini gaban riga, ban ma san lokacin da ya fara ba. Waya ɗari huɗu a garin nan sun ɗauki wannan magana suna yawo da ita wata da watanni, a kan kwano, a cikin aljihu, ni ina shago ina gyaran allon waya.

“Baba,” na ce, “wannan ba zan cire shi ba. Ko me ma'auni ya ce. Zan rage wani abu, zan nemi dabara.”

“Cire shi,” ya ce. “Mutane suna son wuri a wayarsu. Wadda na yi dominta ta riga ta ji.”

Bai juyo ba. Yana ta zuba wa zogalen ruwa, ramin ya cika tuntuni, ruwan yana malalowa kan takalminsa na majami'a.